Fuskar Yaya a Ƙirjin Mutane

Ranar da Yaya ta fara ganin fuskarta a ƙirjin wani, tana tsaye ne a bakin titi da safe, tana jiran motar da za ta kai ta makarantar da take koyarwa. Wani saurayi ya tsallako titin, jaka rataye a kafaɗarsa, baƙar tishat a jikinsa. A gaban rigar an zana wata mata riƙe da kwalba, wuta na ci a bayanta. Yaya ta kalla ta kau da kai. Sai kuma ta sake kallo.

Ga kunnen hagu da ya narke ya manne da wuya. Ga fatar ido da ta janye ƙasa. Ga tabon ƙuna da ya taso daga goshi, ya bi kumatu, ya tsaya a haɓa. Ko wushiryar ba a bari ba. Har ɗan kunne mai siffar ganye da take sawa a kunnen dama shi kaɗai, tunda na hagun ba shi da wurin huji. A ƙasa an rubuta da ja: UWAR GARWASHI.

Saurayin ya dube ta, ya dubi ƙirjinsa, ya sake dubanta, ya saki baki.

"Kai! Baiwar Allah, don Allah tsaya in ɗauke ki hoto. Wallahi abokaina ba za su yarda ba."

Mota ta tsaya, Yaya ta faɗa ciki ba ta ko tambayi inda za ta ba.

Ta san Uwar Garwashi. Wane ne bai san ta ba a shekarar nan? Ita ce muguwar da ke cikin jerin littattafan almara na Birnin Ƙarƙashin Tabki, waɗanda samari da 'yan mata ke rububinsu duk lokacin da sabo ya fito. Matar takan bi yara ta sace muryoyinsu ta zuba a kwalba ta toshe. Marubucin ya ce wuta ta cinye rabin fuskarta, amma bai taɓa sa hotonta a bangon littafi ba, kowa da yadda yake ganinta a ransa. Yaya ta kuma san wanda ke buga wa masoyan littafin riguna a garin. Ƙanenta ne, Auta, a ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu.

Da ta taso daga makaranta ba ta ko ajiye jaka ba ta wuce ɗakin. Warin fenti ya tare ta. Auta na tsaye gaban injin da Kawunsu ya saya masa, yana ɗaga murfinsa mai zafi yana zaro riga. A bango ga zanukansa na baya, doki mai fiffike, takobin sarkin tabki, jirgin ruwan da ke tafiya a sama. Rigunan da ke ɗauke da waɗannan sun daɗe a jibge, ƙura har ta hau su. A kan tebur kuwa baƙaƙen riguna ne tuli guda, kowace da fuskarta.

"Auta, mene ne wannan?"

Ya juyo, ya ɗan sosa ƙeya. "Yaya, sannu da dawowa. Uwar Garwashi ce."

"Ɗan kunnen wa ne a kunnenta?"

Ya koma kan injin yana gyara rigar da ya zaro.

"Da kai nake magana."

"Yaya, ki fahimce ni. Na zana ta ya fi a ƙirga, duk ba ta yi rai ba. Na sa a shafina mutane suna ta dariya, wai kamar dodon wasan yara. To ranar nan kina zaune a tsakar gida kina gyara aikin 'yan ajinku, rana ta haska miki gefe ɗaya, sai na ga..."

"Sai ka ga me?"

"Sai na ga ita."

Yaya ta dafa tebur. Ita ta goya yaron nan. Ita ta kama hannunsa ya fara riƙe fensir. Littafin farko na jerin ma ita ta saya, ta karanta, ta ba shi.

Umma ta ji muryoyinsu ta shigo tana goge hannu da gefen zani. Ta ɗauki riga ɗaya ta nisanta da idonta, ta matso da ita, ta ajiye.

"To ai zane ne, ba hoto ba. Wa zai gane?"

"An gane ni yau a bakin titi, Umma."

"Mutum ɗaya dai. Ke ma kin cika ɗaukar abu da zafi. Yaron nan tun da ya gama karatu yake zaune ba aikin fari ba na baƙi, yanzu Allah ya buɗa masa ƙofa, ke ce za ki rufe?"

Auta ya yi sauri ya ce, "Waɗannan na kan tebur kawai, Yaya. Da sun ƙare ba zan ƙara ba. Na yi miki alkawari."

Sun ƙare kafin mako ya zagayo. Ya sayo wasu, har da farare da jajaye, har da ƙanana na yara.

Yaya ba mai ɓoye fuska ba ce. Tun tana budurwa ta gaji da rufe-rufe, ta yaye gyale daga kumatunta, ta ce wanda zai kalla ya kalla ya ƙoshi. Ajin ƙananan yara take riƙewa. Duk farkon shekara sababbin kan zuba mata ido, wani ya matso ya taɓa tabon da ɗan yatsa ya ce, "Anti, yana zafi?" Ta ce ba ya zafi. Kafin wata ya ƙare sun manta da shi, sai dai rigimar wanda zai zauna a cinyarta. Ajinta ya fi kowane aji hayaniya, kuma tana son hakan.

Wata rana wani ɗan sakandare ya zo ɗaukar ƙanwarsa sanye da rigar. Yaya ta hango shi ta taga ya durƙusa yana nuna wa yarinyar ƙirjinsa, yana nuna ajin, yana dariya. Washegari yarinyar ta shigo da tafin hannu a kan baki. An kira sunanta ba ta amsa ba. An ba ta ruwa ta ƙi sauke hannun.

"Me ya same ki, 'yar Anti? Haƙori ne?"

Yarinyar ta girgiza kai, hawaye na zuba ta tsakanin yatsunta. Wanda ke kusa da ita ne ya faɗa, shi ma a hankali. "Wai idan ta yi magana za ki sa muryarta a kwalba."

Kafin a tashi tara labarin ya gama ajin. Daga ranar, da Yaya ta sako ƙafa sai ajin ya yi tsit. Ta tayar da waƙar ƙirga, ba mai amshi. Ta yi tambaya, su dubi juna. Akwai kwalbar ruwan da take zuwa da ita kullum. Ta lura idanunsu na bin kwalbar duk inda ta ajiye, sai ta daina kawowa, ta riƙa wuni da ƙishirwa. Bai sauya komai ba. Wani yaro ya yi fitsari a wando saboda ya kasa buɗe baki ya nemi izinin fita.

Shugabar makaranta ta kira ta ofis, ta ba ta kujera, ta daɗe tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"Malama, kowa ya san ba laifinki ba ne. Amma iyaye suna ta kira. Wata ta ce ɗanta ba ya barci. Ki ɗan koma ɗakin ajiya kina lulluɓe mana littattafai, kafin abin ya lafa."

Ɗakin ajiya ba shi da taga sai ƙaramar kafa a sama. Daga can tana jin ajinta ya dawo da hayaniyarsa a hannun wata malama. Sai kuma manyan yara suka gano inda take, suka riƙa zuwa suna leƙe ta ramin mukulli, suna ihun sunan Uwar Garwashi, su ruga. Shugabar ta sake kiranta. Wannan karon ba a ba ta kujera ba.

"Ki huta a gida tukuna. Za mu neme ki."

Daga makarantar ta wuce shagon Kawu, ƙanen mahaifinsu marigayi, mai sayar da kayan gini. Ta gaishe shi, ta zauna a kan buhun siminti, ta faɗa masa komai. Ya saurara yana kaɗa ƙafa.

"To yanzu me kike so in yi?"

"Ka sa shi ya daina, Kawu. Kai zai ji maganarka."

"In sa shi ya daina? Kin san abin da na zuba a injin nan? Sai yanzu ya fara motsi." Ya gyara zama. "Ke kam ba ki da wayo. Wasu biya suke yi a buga hotonsu, ke kin samu a kyauta kina kuka. Kuma tsakani da Allah, shi ya ƙona ki? Abin da ke nan ya zana. Ƙarya ya yi miki?"

"Ya ce ni mai sace yara ce."

"Littafi ya ce, ba shi ba. Je ki gida, ki yi haƙuri. Babba da haƙuri aka san shi."

Ta koma gida. A hanya, karon farko cikin shekaru masu yawa, ta ja gyale ta rufe gefen hagu.

Zaman gida ya zo mata da nasa aikin. Umma ta ce tunda ba ta zuwa ko'ina, ai sai ta kama wa ɗan'uwanta. Auta ya fara wani sabon salo na fenti mai kauri da sai ya sha iska, don haka aka ɗaura igiyoyi a tsakar gida daga bango zuwa bango. Yaya ke shanyawa, ita ke kwashewa. Idan ta fito daga ɗaki da safe, fuskarta ce jere a kan igiya, iska na kaɗa ta. Idan za ta banɗaki sai ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashin kanta. Masu saye kan shigo har tsakar gida su zaɓa, sai ta shige ɗaki ta saki labule. Tana jin su suna tambayar Auta a hankali, "Wai da gaske a gidan nan take?" Tana jin Auta yana dariya, bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Ta daina zuwa kasuwa tun ranar da yara suka biyo ta suna toshe baki suna tsalle. Ta daina amsa waya. Abinci sai Umma ta yi faɗa take taɓawa. Rigunanta suka fara yi mata yawa. Ɗan kunnen ma ta cire ta jefa cikin akwati.

Wata rana da hantsi Umma ta same ta kwance ta juya wa ƙofa baya.

"Ke wai wannan zaman makokin na mene ne? Mutuwa aka yi?"

"Umma, ina so ki faɗa mini abu ɗaya. Da fuskar Auta ce, ni na zana, me za ki ce?"

Umma ta ƙaraso ciki. Ta zauna a bakin gado, ta taɓa ƙafar 'yarta, har Yaya ta ɗauka yau za a ji ta. Sai Umma ta ce, "Ke ai kin saba. Tun kina ƙarama ake kallonki, ba yau aka fara ba. Shi kuwa yaro ne, idan aka karya masa gwiwa yanzu ba zai ƙara tashi ba."

"Ban saba ba, Umma. Daurewa nake yi."

"To ki ƙara daurewa kaɗan. Yayi ne, zai wuce."

Da sabon littafin jerin ya kusa fitowa, wani babban kantin littattafai ya shirya taron masoyan littafin a zauren da ke bayansa, aka ba masu sana'a wurin baje kaya. Auta ya kama tebur. Kwana da kwanaki injin bai huta ba. Ana gobe taron ya zo ya tsaya a bakin ɗakinta.

"Yaya, da za ki zo ki ɗan tsaya a teburina, ko na ɗan lokaci..."

Ta dube shi kawai. Ya juya ya tafi.

Ranar taron, wajen azahar, wayar Umma ta yi ƙara. Ta saurara, ta leƙo ɗakin Yaya da sauri.

"Tashi, tashi. Auta ya manta kwali ɗaya a bayan ƙofa, kuma kayansa sun ƙare, mutane na jira. Ni ƙafata ba za ta kai ni ba. Ya ce ki kai ta ƙofar baya, zai fito ya karɓa, ba wanda zai gan ki."

"Umma, ba zan iya ba."

"Don Allah, don darajar nonon da kika sha. Miƙawa kawai za ki yi."

Yaya ta rufe fuska, ta ɗauki kwalin, ta hau mota. A ƙofar baya ba Auta, sai wani mai gadi da ya ce an bar masa saƙo ta shiga, teburin na nan kusa. Ta shiga. Zauren cike yake maƙil, wasu da rawanin takarda, wasu da takubban roba, kuma duk inda ta juya baƙar riga ce da fuskarta. Ta hango teburin Auta. Riguna ne a kansa jibge, ba abin da ya ƙare.

Kafin ta ajiye kwalin ta ji muryarsa a lasifika.

"Jama'a! Kun daɗe kuna tambayata. To ga ta nan! Uwar Garwashi da kanta!"

Zauren ya ɗauki ihu. Wayoyi suka tashi sama. Hannayenta biyu na riƙe da kwali, don haka ba ta iya kare kanta ba lokacin da wata budurwa ta ja gyalen ya zame. Wani ya dafa kafaɗarta yana washe baki ga wayarsa. Wani ya cusa mata kwalba a hammata. Wata ta kai hannu ta murza tabon, ta juya ta ce wa ƙawarta, "Wallahi na gaske ne, ba kwalliya ba ce!" Wani mutum ya ɗaga ɗansa sama don ya gani, yaron ya ƙwalla ƙara ya toshe baki, mutane suka fashe da dariya.

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta nemi idon Auta a cikin taron har ta samu. Yana ta miƙa riguna da hannu biyu, gumi na zubo masa. Da idonsu ya haɗu ya yi mata alama da kai, irin ta "ki ɗan ƙara haƙuri." Ta saki kwalin ya faɗi a ƙasa, ta kutsa ta fita, ba gyale. A ƙafa ta koma gida.

Umma na zaune a tsakar gida. Da ta ga kan 'yarta a buɗe sai ta sunkuyar da nata.

"Kin sani?" in ji Yaya.

"Ya ce mini gaisawa kawai za ku yi da mutane. Ya ce idan suka gan ki ido da ido za su san ke mutum ce, abin ya mutu."

"Kin sani, Umma."

Ba ta jira amsa ba. Ta shiga ɗaki ta haɗa kayanta a akwati ɗaya. Tana ɗaurewa Auta ya dawo, fuskarsa wasai, riƙe da leda.

"Yaya, kin ga yadda suka so ki? Ga wannan, atamfa na sayo miki, mai tsada ce. Haba Yaya, ki daina kallona haka. Tunda an riga an sani, ba gara mu ci moriyar abin ba? Ai ke ma za ki amfana."

Ta ɗauki akwatin. Ya tare ƙofa.

"Ina za ki?"

"Matsa, Auta."

"To wai me na yi da zafi haka? Kashe ki na yi?"

"A'a," in ji ta. "Da ka kashe ni, da an rufe fuskar."

Ya matsa.

Wata ƙawarta da suka yi karatun koyarwa tare ce ta ba ta wurin kwana a wani gari mai nisa. Ta nemi aikin koyarwa a makarantu da dama. Hoton taron ya riga ta isa, yana yawo daga waya zuwa waya. Duk inda ta je sai a karɓi takardunta da fara'a a ce za a neme ta. A ƙarshe ta samu aiki a bayan wani shagon wanki da guga, inda ba ta haɗuwa da masu kawo kaya. Wani lokaci idan ta zazzage buhun wanki takan ci karo da rigar, ta koɗe, fentin ya tsattsage. Takan wanke ta kamar sauran, don aikinta ke nan.

Umma kan kira ta lokaci-lokaci. Tambayar ɗaya ce kullum: "Yaushe za ki huce?" Kawu na gaya wa dangi cewa yarinyar baƙin ciki take yi da ci gaban ƙanenta. Auta ya kama shago a bakin babban titi, ya ƙara inji, kuma idan aka tambaye shi yayarsa sai ya ce ta cika zuciya, amma yana yi mata addu'a. Har yau ba wanda ya ce mata "mun zalunce ki." Kowa a gidan yana da dalilinsa, kuma kowane dalili idan ka saurare shi shi kaɗai sai ka ji kamar magana ce. Ɗaya na neman abinci, ɗaya na tsare dukiyarsa, ɗaya na tausayin autanta. Ba wanda ya ƙi Yaya a cikinsu. Sun dai duba gidan ne suka ga wadda ta fi kowa iya shanye ciwo, suka ɗora mata, suka kira abin haƙuri.

Ɗakin Yaya na gida yanzu kwalaye ne a ciki har rufi. Umma ce ke ninke rigunan da rana, tana sa su a leda. Kullum sai ta kifa rigar, ta ninke zanen ya koma ciki, sannan ta ɗauki ta gaba. Auta ya sha gaya mata cewa masu saye sun fi son fuskar ta fito waje. Takan ce masa a'a, haka ya fi, kada fentin ya lalace.